Murfi Mai Lamba Goma Sha Bakwai

"Ba zan sa hannu ba, ranki ya daɗe."

Shugabar makarantarmu ta ɗago kai ta leƙo ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa yarinyar da aka kama da cingam a baki. Biron da ta miƙo min yana nan tsakaninmu, ita ba ta janye ba, ni ban karɓa ba.

"Malama, ba shawara na kira ki ba. Cewa na yi ki sa hannu."

"Na ji, ranki ya daɗe. Hannun ne ya ƙi."

'Yan uwana masu bibiyar labarin nan, na san wasunku har sun tafa hannu sun ce, "Ga ta nan, ta sake ɗebo ruwan dafa kanta." Ku ji ta bakina tukuna. Sababbin zuwa kuma ku matso kusa in yi muku bayani a taƙaice. Shekarata ashirin da shida, ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandaren 'yan mata, aji huɗu da aji biyar. Yara suna kirana Malama Ba-Sani-Ba-Sabo a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Na sani, kuma sunan yana min daɗi.

Ina da mai nemana, likitan haƙori ne. Ciwon haƙorin turmi ne ya kai ni wurinsa bara, ya bari sai da ya cika min baki da auduga sannan ya ce, "Idan na nemi lambarki za ki ce a'a?" Ku gaya min yadda mutum zai ce a'a da leɓe a sandare. A wayata Mai Haƙori na sa masa, a gidanmu kuwa Dokta ake ce masa, da irin muryar da ake ambaton ruwan sanyi ranar zafi. Asabar ɗin makon da nake ba ku labari aka tsayar manyansa za su zo su gana da Baba.

To ga abin da ya kai ni ofishin Shugaba.

Kowace shekara jami'a tana ba makarantarmu gurbi ɗaya. Yarinya ɗaya daga aji biyar za ta je ta yi mako shida a ɗakin gwaje-gwajensu lokacin dogon hutu, a ba ta ɗakin kwana, a ba ta farar riga da sunanta a ƙirji, idan kuma ta yi ƙoƙari a ɗauki nauyin karatunta in ta gama sakandare. Gurbi ɗaya, yara talatin da biyu. Bana aka ce ni zan shirya jarrabawar zaɓen.

Matsalar ita ce ƙanwar Dokta tana ajin. Autarsu ce, ƙawayenta suna ce mata Gimbiya, ita kaɗai ce a makarantar nan take goge safarta da dutsen guga. Tana da ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma na san ko da guminta ta ci, za a ce matar yayanta ce ta ba ta. Sai na fito da dabarar da nake taƙama da ita. Na tara murfin kwalbar lemo talatin da biyu daga shagon makaranta, na wanke, na rubuta lamba a cikin kowanne da jan farce, na zuba su a gwangwanin madara. Ranar jarrabawa kowace yarinya ta rufe ido ta zari ɗaya, ta rubuta lambar a kan takardarta maimakon suna, ta ɓoye murfin a aljihu. Ni ban san mai lamba ba, su ba su san makin juna ba. Wadda lambarta ta ci, murfin ne shaidarta.

Wallahi ranar har tafiyata ta canza. Malamin lissafi ya ce min, "Malama, wannan ai ke ya kamata a ba hukumar zaɓe." Na ce masa in sun shirya su turo mota.

Na yi kwana biyu ina dubawa. Lamba goma sha bakwai ta sami tamanin da takwas. Lamba ashirin da uku ta biyo ta da tamanin da shida. Ranar Juma'a na manna sakamakon a allon sanarwa, lamba da maki kawai, na ce ranar Litinin a taron safe mai murfin ta fito. A nan na yi wautar da ban gane ba sai daga baya: na ba murfi kwana biyu ya yi yawo a gari.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Na san mai lamba goma sha bakwai tun kafin in gama shafin farko. Akwai wata siririyar yarinya da ke zama a kujerar ƙarshe kusa da taga, 'yar wata maɗinkiya ce, ajin duka Me-Ya-Sa suke kiranta. Ba a taɓa gama darasi ba ta ɗaga yatsa ba. "Malama, me ya sa tsatsa ja ce?" "Malama, me ya sa albasa take sa hawaye?" Har mai gadi ta taɓa tambaya me ya sa ƙararrawar tashi ta fi ta shiga daɗin ji. Tambaya ta huɗu a jarrabawar ta ce a yi bayanin abin da ya sa ƙwan lantarki yake kamawa in an tsoma wayoyi a ruwan gishiri, amma ba ya kamawa a ruwan sukari. Mai lamba goma sha bakwai ta amsa tsaf, sannan a gefen takardar, da fensir, da ƙananan haruffa masu jingina kamar za su faɗi, ta rubuta: "Malama, to in gishirin busasshe ne fa, me ya sa ba ya kamawa?"

Ku ji min yarinya. An ɓoye mata suna, ta bi ta bayan gida ta rubuta shi.

Ranar Litinin na sa doguwar rigata ruwan toka da gyale mai ratsin fari, na ɗora farar rigar gwaji a kai, wadda ruwan batir ya huda wa aljihu. Yara sun yi layi, an gama taken makaranta, na hau dandamali na ɗauki lasifika.

"Lamba goma sha bakwai!"

Idona yana kan ƙarshen layin aji biyar. Me-Ya-Sa ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta kamar yau ta fara ganinsa. Sai ga Gimbiya ta fito daga gaba, tana tafe kamar an ɗaura mata dutse a ƙafa, ta buɗe tafin hannu. Murfi ne, lambar nan da jan farcena, rubutuna ne ba na wani ba.

Makaranta ta ɗauki tafi. Ni kuwa na tsaya da lasifika a hannu kamar an dasa ni. Dabarar da na yi ta hura hanci a kanta ashe ƙofa ce ba sakata. Murfi ba shi da baki, duk aljihun da aka sa shi nan ne gidansa.

Shi ne bayan taro Shugaba ta kira ni, ta ajiye fom ɗin jami'a a gabana. Fom ɗin yana son abu uku: takardar jarrabawar, sa hannun malamar da ta duba, da hatimin makaranta. Dole ya isa kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a, makarantar da ba ta aika ba kuma an cire ta daga tsarin baɗi.

"Dokarki ce," in ji Shugaba. "Ke kika ce mai murfi ita ce mai gurbi. Ga murfi."

"Ga kuma rubutu, ranki ya daɗe. Shekara biyu ina duba littattafan yaran nan. Wannan ba hannun Gimbiya ba ne."

"Jami'a ta san hannun wani ne?"

"Ni na sani."

Ta cire tabarau ta murza ido. Ba muguwar mace ba ce, in faɗi gaskiya. Mahaifin Dokta shi ne shugaban kwamitin iyaye, shi ya tsaya aka yi wa ɗakin gwaje-gwajenmu sabon rufi lokacin da muke tara ruwan sama a bokiti tsakanin tebura.

"'Yata," ta ce, "Gimbiya ce ashirin da uku, maki biyu ne tsakaninsu. Biyu. Kuma gidan da za ki shiga ne. Je ki yi tunani zuwa Juma'a."

Kafin in kai bakin titi wayata ta yi ƙara.

Mai Haƙori: Amarya, Mami ta ce a gode miki. Gimbiya ta ci!

Ni: Ba ta ci ba.

Mai Haƙori: Haha. Yau kuma da wace ƙafa aka tashi?

Ni: Da ta dama. Tambayi Mami inda aka samo murfi.

Ya karanta. Alamar nan ta fito yana rubutu, ta ɓace, ta sake fitowa. Har na hau mota na sauka bai turo komai ba.

Labari kuwa ya riga ni gida. Ina shiga na tarar an fito da kujerun falo tsakar gida ana kakkaɓewa, an sauke labule, Umma ta ɗaura ɗankwali a ƙugu tana wanke kofunan gilashin da ba a taɓa sha da su ba tun da aka haife ni. Gwaggo, yayar Baba, tana zaune a kan tabarma da mafici. Tun da aka sa ranar Asabar ta tare a gidanmu wai taya aiki, aikin kuwa bai wuce ba da umarni ba.

"Ga alƙaliyar ta dawo," in ji Gwaggo. "A shimfiɗa mata buzu."

"Sannu da gida, Gwaggo."

"Riƙe sannunki. Uwar yaron ta kira uwarki. Wai ke ce za ki tozarta musu 'ya a gaban makaranta saboda murfin kwalba? Murfin da kaji ke takawa a bola?"

Umma ta ajiye kofi a hankali. "Ke wai me ya sa komai naki sai ya zama shari'a? Shekara uku haƙori yana hana ni barci, mutumin nan cikin minti goma ya raba ni da shi. Ko allurar ban ji ba."

"Umma, haƙorinki ya cire, ba idona ba."

"Kin ji ko?" Gwaggo ta nuna ni da mafici. "Boko ke nan. Sa'o'inta duk suna goye da na biyu, ita tana goye da gwangwani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Gwaggo, ni ba rimi na hau ba, takarda na karanta."

Baba yana bakin ƙofar ɗakinsa yana gyaran rediyon da ya fi shekara goma yana gyarawa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, magana a wurinsa kamar kan sarki take, ba ya manna ta sai inda za ta je. Ya ɗago ya ce, "Wace ce ta ci?"

"'Yar maɗinkiya, Baba."

"To." Ya koma kan rediyonsa.

Gwaggo ta yi salati. "Shi ke nan? 'To'? Kai ka lalata yarinyar nan tun tana rarrafe!"

Ranar Talata na yi darasina kamar kullum. Mun yi gwajin sabulu, ajin ya cika da kumfa da ihu, wata ta zuba manja fiye da kima nata ya fito kamar kunun da aka manta a wuta, muka yi dariya har malamin ajin kusa ya leƙo. Amma minti tamanin aka yi ba a ɗaga yatsa daga kujerar taga ba. Yara ma sun lura, sai waiwaye suke yi. Da aka buga ƙararrawa na ce ta tsaya ta taya ni wanke kwalaben gwaji.

Muna tsaye a bakin famfo na ce, "Yau ni zan ari tambayarki. Me ya sa?"

Ta daɗe tana cuɗa kwalba ɗaya. "Malama, Mamin su Gimbiya ce ta zo shagon Innata ranar Asabar, ta ji a bakin yara cewa lambata ce ta ci. Duk ɗinkin gidansu da na ƙawayenta Innata ke yi. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da fara'arta ta zo. Ta ce ni ai ƙwaƙwalwa gare ni, ko'ina zan samu, ita Gimbiya ce abin tausayi. Da ta tafi Inna ta ce in kawo murfin."

"Ke kina son zuwa?"

Kwalbar ta kusa suɓucewa. "Malama, an ce suna da na'urar da ake ganin ƙwayar gishiri ɗaya da ita. Har mafarkinta na yi."

Na juya kamar ina neman tsumma, don Malama Ba-Sani-Ba-Sabo ba ta hawaye a gaban ɗaliba. Hayaƙin sabulu ne, kada wata ta rubuta min wani abu a ƙasa.

Laraba da yamma Dokta ya zo. Ya sa rigar nan shuɗiya da na taɓa cewa tana masa kyau, guga har tana yanka, yana ƙanshin kanumfarin asibitinsu da turare a kai. Ya kawo wa Umma kankana, ya kawo wa Gwaggo man goge baki, ta karɓa da hannu biyu tana sa albarka duk da haƙoranta shida ne suka rage. Ni kuma na fito da rigar gida da silifas, da gangan.

Muka zauna a baranda. Ya yi murmushin nan da ya san yana kashe min jiki.

"Ranki ya daɗe, an ce kin kafa kotu."

"An ce ku kun buɗe kasuwa."

Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Wallahi ban san Mami za ta yi haka ba. Sai bayan an yi na ji. Ban ji daɗi ba."

"To ka gaya mata."

"Ke kin san Mami? Ta riga ta kira dangi kaf, har na ƙasar waje. An saya wa yarinyar akwati." Ya matso da kujera. "Ki saurare ni. Waccan yarinyar ni zan ɗauki nauyinta. Littafi, kuɗin makaranta, har jami'a in ta samu. Kin ga ba wanda ya yi asara."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Na kalli hannunsa, dogayen yatsun nan masu tsabta, na ce a raina: ke wace irin mace ce, ga miji har miji, ga mafita an kawo miki har baranda. Shaiɗan ma ranar da shuɗiyar riga ya zo.

"Dokta, in tambaye ka. In mutum ya zo da ruɓaɓɓen haƙori a dama, ka cire masa lafiyayye a hagu, sannan ka ce za ka saya masa na roba, an yi daidai?"

"Wannan daban."

"Abinta ne. Ba sadaka take nema ba, da kanta ta ci. Kuma ni za a ce in rubuta da hannuna cewa takardar nan ta Gimbiya ce. Gobe in tsaya gaban yara talatin da biyu in ce kada su yi satar amsa?"

"Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba a raba gida. Sau ɗaya ne fa. Saboda ni."

"Saboda kai na koyi girki da gishiri kaɗan. Saboda kai na daina tauna ƙanƙara. Wannan kam ba ni da shi."

Fuskarsa ta canza. Ya miƙe yana karkaɗa makullin mota. "Mami ta ce in ba a sa hannu ba, ba ta ga abin da zai kawo su Asabar ba."

"Kai fa me ka ce?"

 Ya leƙa ya yi wa Umma sallama, ya tafi. Gwaggo, wadda ashe kunnenta yana manne da taga tun farko, ta fito tana tafa hannu: "Ta kore shi! Da misalin haƙori ta kore shi!"

Ranar Alhamis abu biyu suka faru. Na farko, lokacin hutun tara ina cin biredi a ɗakin gwaji sai ga Gimbiya, ido ya kumbura, safa ɗaya ta zame ba ta ma ja ba.

"Anti... Malama." Ta ajiye murfi biyu a kan tebur, goma sha bakwai da ashirin da uku. "Ni ban ce a yi ba. Tun Litinin ba wadda ta ci abinci da ni. Ko sun yi min murna sai in ji kamar zagi ne." Ta ja hanci. "Kuma har yanzu ban gane tambaya ta huɗu ba. In na je can aka tambaye ni fa?"

Na tura mata rabin biredina, na ɗauko batir da ƙwan lantarki da gishiri. Minti goma sha biyar muka yi. Da ƙwan ya kama a hannunta ta yi tsalle ta manta tana kuka. Na ce mata maki tamanin da shida ba abin kunya ba ne, ni a shekarunta ko saba'in ban taɓa kaiwa ba. Ƙarya na yi, na kai, amma Allah ya yafe min wannan.

Na biyu, bayan an tashi na nemi shagon maɗinkiyar. Ɗan ɗaki ne cike da ƙyallaye, riguna rataye har rufi, ita tana kan keke da allurai uku a baki. Ta gan ni ta sha jinin jikinta.

"Malama, mu ƙananan mutane ne. Don Allah ki bar maganar nan."

"Inna, ba roƙo na zo ba. Na zo ne kada ki ji a bakin wani. Sunan 'yarki zan rubuta, in ba nata ba kuwa ba na rubuta na kowa."

 Ta ci gaba da taka keke, ta kai ƙarshen layi, ta juya yadin, ta sake wani layin. Har na ɗauki jakata zan fita sai ta zare allurai daga baki.

"Mako shida kika ce?"

"Shida."

"To riga nawa za ta buƙata?"

Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya na shiga ofishin Shugaba na zauna ba a ce in zauna ba. Na ajiye takardar jarrabawa, na ajiye littafin aikin Me-Ya-Sa a gefenta, na ajiye na Gimbiya. Ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne ya yi biyun farko.

"Kin yi tunanin?"

"Na yi, ranki ya daɗe."

Agogon bango yana tafiya, mu muna zaune. Ta amsa waya, ta sha shayi, ta sa hannu a takardun hutu, ta kori wata uwa da ta zo ƙorafin wando. Ni ina nan kamar kujera. Sha ɗaya da rabi ta kalle ni, na kalli fanka. Sha biyu saura kwata ta ce, "Ke kin san in makarantar nan ta rasa gurbin baɗi, ni za a tambaya?"

"Na sani. Shi ya sa na zo da birona."

Sha biyu saura minti goma ta ja dogon tsaki, ta fizgo sabon fom ta tura min. Na rubuta sunan yarinyar da manyan haruffa, na sa hannu, har da 'yar ƙawar da nake yi a ƙarshe. Ta buga hatimi kamar tana kashe kunama. Magatakarda ya ɗauki hoton fom ɗin ya aika saura minti huɗu. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta miƙo min wata takarda, wadda da gani tun jiya aka buga ta.

"Daga Litinin kin koma aji ɗaya. Kwamitin iyaye ya ga ƙananan suna buƙatar mai tsauri irinki."

"Na gode, ranki ya daɗe."

Har na kai ƙofa ta ce, "Malama." Na juyo. Tana goge tabarau, ba ta kalle ni ba. "Baɗi in za a yi, a rubuta lamba da suna a rufe a ambulan a kawo min. Murfi ba shaida ba ne."

Da na gaya wa Me-Ya-Sa a gaban aji, ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. Karon farko a tarihin makarantar nan tambaya ta ƙare mata. Sai ajin ya ɗauki ihu, ana buga tebur, Gimbiya ma tana ciki, ta fi kowa ƙarfin bugu.

Yau Asabar nake rubuta muku wannan, da la'asar. Tun safe Umma ta share tsakar gida sau biyu, ta ce ƙura ce, ba jiran kowa take ba. Gwaggo ta ci ado ta zauna fuskantar ƙofa har azahar, sannan ta cire sarƙa ta ce a kira mata mota. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na leƙa ƙofa, ba zan yi muku ƙarya ba. Ba wanda ya zo. Baba ne kawai ya wuce ta gabana da butarsa, ya tsaya, ya ɗora min hannu a ka, ya wuce.

Shi kuma Mai Haƙori, tun ɗazu wayata take nuna min yana rubutu. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, ya fi sau goma. Ban san ko ban kwana yake haɗawa ba, ko kuwa ƙarfin halin da zai tsaya gaban Maminsa yake tarawa. Na kifa wayar, na sake buɗewa, na sake kifawa.

Masu cewa in na san haka zai faru da na sa hannu, ku huta, da na sake ƙi. Amma kada wata ta karanta wannan ta zaci kyauta ake tsayawa. An raba ni da ajin da na yi rainonsa shekara biyu, da ɗakin gwajin da na fi so fiye da ɗakin kwanana. Maɗinkiya an kwashe mata ɗinkin gida guda jiya da yamma. Umma yau kwana uku ke nan ba ta kira sunana ba, sai dai "ke". Mutumin da nake so kuwa, wanda har yanzu nake so, manyansa ba su taka ƙofar gidanmu ba, kuma mai yiwuwa ba za su taɓa takawa ba.